Layin da Bai Bi ta Kan Sifiri Ba

A shekarar da aka rufe makarantunmu saboda 'yan bindiga, ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo da ke gefen Shinkafi. Muna tsakiyar zango sanarwar ta zo. Shugaban makaranta ya tara mu a gindin dogon yaro, ya ce kowa ya koma gida sai an neme shi. Yara suka watse kafin azahar. Darasin da ke gabanmu a ajin 'yan shekara ta biyu shi ne zanen giraf, wato nuna dangantakar lambobi da layi, kuma ban kai ga fara shi ba.

Matata da 'ya'yanmu na kai su Gusau wurin yayanta. Ni ban zauna can ba, domin gidan ya riga ya cika da 'yan uwa, sannan mahaifiyata tana Zurmi ta ce ba inda za ta. Sai na kama ɗaki a Kaura Namoda, inda ake samun motar Zurmi da ta Shinkafi duk ranar da aka ji hanya da sauƙi. Ba a daɗe ba aka yanke sabis ɗin waya. Daga nan labarin iyalina sai in wani ya zo daga Gusau ya ce ya gan su, suna lafiya, ƙaramin ya fara tafiya.

Gidan hayar yana da ɗakuna da yawa, amma mu biyu ne kawai a ciki. Ɗayan wani Kirista ne mutumin Binuwai, mai gyaran waya a wata rumfa kusa da tasha. Ya girme ni kaɗan, ya daɗe a Kaura, Hausarsa ta nuna sosai sai dai harshen da bai gama karyewa ba. Shi ma ya mayar da matarsa da yara gida. Tunda sabis ya ɗauke gyaran waya ya ja baya, abin da ya rage masa shi ne sa wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a memori. Da farko gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Yakan fita da hantsi, ni kuma in zauna a ƙofar ɗaki in ga inuwar katanga tana janyewa.

Ban san na fara magana ni kaɗai ba sai da ya gaya mini. Wata rana ya dawo da wuri, ya tarar da ni tsugune a tsakar gida da tsinke a hannu, na ja layuka a ƙasa ina bayani.

"Tica, da wa kake magana?" in ji shi.

Na ce, "Da 'yan ajina. Ina gudun kada bakina ya manta aikinsa."

Bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon layukan, sannan ya ce, "Me zai hana ka faɗa wa waya? Ni in zuba a memori. Direbobin Shinkafi kullum suna wurina. Ko babu sabis ai waya tana magana, kuma mutane suna tura wa juna."

Na ce giraf abin gani ne, ba abin ji ba. Ya ce to in nemi yadda kunne zai gani.

Maganar ta zauna mini. Na san yawancin yaran ba su da takardar giraf mai ƙananan gidaje, wasu ko rula ba su da ita. Abin da kowane gida ke da shi ƙasa ce da tsinke da bokiti. Sai na yanke shawarar in gina darasin a kan ruwa: in kana zuba ruwa bokiti-bokiti a cikin duro, yaya tsawon ruwan ke hawa? Abu biyu ne masu tafiya tare bisa awo ɗaya. In ka ninka yawan bokiti, tsawon ruwan ma ya ninku. Wannan shi ne abin da manhaja ta ce in koya musu, su zana shi ya fito miƙaƙƙen layi.

Kafin in faɗa wa yara sai da muka gwada. Akwai wani tsohon duro a bayan ɗakin maƙwabcina, muka wanke shi, muka kira mai ruwa ya sauke mana jarkoki. Maƙwabcina yana zubawa, ni ina tsoma kara ina auna inda ya jiƙe da faɗin yatsuna. Bokiti ɗaya, yatsu biyu. Bokiti biyu, yatsu huɗu. Bokiti uku, shida. Da muka kai na huɗu ya riƙe bokitin bai zuba ba.

"Takwas," in ji shi.

Na ce ya zuba mu gani. Takwas ɗin ne. Ya yi murmushi kamar wanda aka ba kyauta, ya ce shi a makaranta lissafi ne ya kore shi. A ranar muka fara cin abinci a kwano ɗaya, ya dafa doya ni na kawo yaji da mai.

Ɗaukar muryar ta fi yadda na zata wuya. Nakan jira sai ya fita, unguwa ta lafa, in rufe taga in jingina wayar da kofi. Da na fara sai injin niƙa ya tashi a maƙwabta, ko akuya ta shigo tana kuka, in goge in sake. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. A aji in na yi tambaya nakan dakata, in ji motsin benci, in ga hannuwa, in ga wanda ya sunkuyar da kai don kada in kira shi. A ɗakin nan ma sai na riƙa dakatawa. In ce, "To bokiti biyar fa, yatsu nawa?" in yi shiru ina jira. Babu abin da ke amsawa sai ƙarar babur daga nesa. Da na saurari abin da na ɗauka na ji wuraren shirun nan, na yi niyyar yanke su, daga baya na bar su. Na ce wataƙila wani yaro zai amsa a can.

Har yanzu ina iya tuna yadda na tsara bayanin. Na ce su nemi wuri mai laushi su share. Su ja layi daga hagu zuwa dama, wannan na bokiti ne, shi littafi ke kira x. Su koma farkonsa su ja wani ya miƙe sama, wannan na tsawon ruwa ne, shi ne y. Inda suka haɗu nan ne sifiri: ba ka zuba komai ba, ruwa bai hau komai ba. Su karya ɗan tsinke su riƙa auna tazara da shi, don kada wani gida ya fi wani faɗi. Bokiti ɗaya yatsu biyu, wato ka yi taki ɗaya dama, ka hau biyu sama, ka ajiye tsakuwa. Bokiti biyu, taki biyu dama, huɗu sama, wata tsakuwar. In sun ajiye uku ko huɗu su ɗauko zare su ja shi a kan tsakuwoyin. Na gargaɗe su da su yi amfani da duro, ba randa ba, domin randa cikinta ya fi gindinta faɗi, ruwa ba ya hawa daidai a cikinta. Na ce bokitinsu da duronsu ba lalle su zo ɗaya da nawa ba, don haka lambobinsu za su iya bambanta. Amma abu biyu ba za su canja ba: tsakuwoyin za su jeru a layi ɗaya miƙaƙƙe, kuma zaren zai bi ta kan sifiri. Na nanata wannan har sau da yawa. A ƙarshe na ce duk mai tambaya ya aiko wurin mai gyaran waya na kusa da tashar Kaura.

Maƙwabcina ya zuba darasin a memori da yawa. Duk wanda ya zo sa karatu daga wajen Shinkafi sai ya ƙara masa da shi, ya ce a ba yara. Wani direba da muka saba ya karɓi wasu ya ce zai bar su wurin mai shayi a tasha can. Na ci gaba da ɗaukar wasu darussan, na kashi-kashi da na awon fili, ana aikawa.

Ba abin da ya dawo. Damina ta yi nisa, ciyawa ta rufe gefen tsakar gidan. Na je Zurmi na ga mahaifiyata, kowa a motar yana zullumin hanya tun daga fita gari har muka isa. Ta rame amma tana nan da ƙarfinta, ta ce in daina yawo a hanya saboda ita. Na dawo Kaura na ci gaba da zama. Kullum in maƙwabcina ya shigo nakan duba fuskarsa, shi kuma ya gane, sai ya girgiza kai tun daga ƙofa. Daga baya na daina dubawa. Na fara tunanin cewa ana goge muryata ne a sa waƙa, kuma ban ga laifin kowa ba.

Wata ranar Laraba da hantsi, ina wanki, sai ga maƙwabcina ya dawo tare da wani dattijo mai rawani da ya sha rana. Ya ce, "Tica, ga baƙonka," ya koma rumfarsa. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa. Muka gaisa, ya tambayi iyali na tambayi mutanen gida da ruwan bana. Ya ce shi manomi ne daga wani ƙauye kusa da Badarawa, ya kawo ƙanensa asibiti ne.

"Ɗiyata ta aiko ni, Malam," in ji shi. "Ajinka take. Ta ce in ban ishe ka ba kada in komo."

Ya kwatanta mini ita, na gane ta. Yarinya ce da ke zama kusa da taga, ba ta cika magana ba. In bayani bai gamsar da ita ba ba ta ɗaga hannu, sai dai ta haɗe gira ta tsura wa allo ido har a tashi.

Na tambaye shi ko ta ba shi takarda. Ya ce babu takarda, da baki ta ba shi, ta sa shi ya yi ta maimaitawa har ya riƙe. Ya gyara zama, ya rufe ido kamar mai biya karatu.

"Bokiti guda, yatsa bakwai. Bokiti biyu, goma. Bokiti ukku, sha ukku. Ta ce duwatsun sun jeru daidai, zare ya hau kansu duka. Amma bai bi ta wurin nan da ka ce ba, inda babu komi. Sama shi ka bi. Ta share ta sake, ta share ta sake, haka nan dai. Ta ce a tambaye ka mi ta ɓata."

Tun da aka rufe makaranta wannan ne karo na farko da wani ɗalibina ya yi mini tambaya. Na tashi na ɗauko tsinke, na share ƙasa a gaban tabarmar, na ja layukan biyu, na ajiye tsakuwa uku inda lambobinta suka ce. Na warware zare daga bakin wani tsohon buhu na ja a kansu. Layin ya miƙe sarai, ya je ya yanki layin tsaye a kan huɗu.

Na ce, "Baba, duron nan da ta auna, babu komai a cikinsa kafin ta fara zubawa?"

Ya ce, "A'a, da ruwa ƙasanshi. Ta so ta juye, uwatta ta hana. Rijiyarmu bayan gari take, Malam, yanzu ba kullum aka zuwa ba. Sai maza sun taru sun raka mata. Wa zai bari a taɓa ruwan da ke ƙasa don wasan duwatsu?"

Na nuna masa inda zaren ya yanki layin. Na ce ruwan da ke gindin duron nan yatsu huɗu ne. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya jera yatsunsa huɗu yana kallonsu.

"Kusan haka shi ke," in ji shi a hankali. "Kai da ba ka ga duron ba."

Na ce ba ni na gani ba, lambobin 'yarsa ne suka faɗa. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai gidan da ba za a iya juye duro ba. Na yi masa bayani yadda zai iya ɗauka: ba ta ɓata komai ba, awonta daidai ne. Layin da ke bi ta kan sifiri na duron da aka fara shi babu komai ne. Nata ya fara da huɗu, shi ya sa bokiti biyu bai ba ta ninkin bokiti ɗaya ba. In ta cire huɗu daga kowace lamba za ta samu uku, shida, tara, kuma in ta sake jera tsakuwoyin da waɗannan, zaren zai sauko ya bi ta inda na ce. Na ƙara da cewa abin da ta gano darasin shekara mai zuwa ne, ta riga 'yan ajinsu isa wurin.

Ya ce, "Wanga ya yi mini yawa, Malam. Ka faɗa wa wayar kamar yadda ka saba."

Na shiga ɗaki na ɗauko wayar. Wannan karon ban rufe taga ba, a nan tabarma na zauna yana gefena. Na yi sallama, na kira sunanta, na ce mahaifinta ya iso lafiya kuma ya kawo lambobin ba tare da ya zubar da ko ɗaya ba. Ya yi 'yar dariya, ta shiga cikin ɗaukar. Na yi bayanin a tsanake, na ba ta wani aikin: ta zana layukan biyu a wuri ɗaya, nata na farko da wanda aka cire wa huɗu, ta gaya mini abin da ta lura game da tazarar da ke tsakaninsu. Muka je rumfa aka zuba a memori, amma wayar dattijon tana gida wurin yara, kuma ba ya komawa sai ƙanensa ya samu sauƙi. Ya ce tsoronsa kada ɗan abin nan ya ɓace masa a asibiti. Sai muka ba direban nan, ya yi alkawarin zai bar shi wurin mai shayin Shinkafi, inda mutanen ƙauyensu ke tsayawa. Dattijon ya yi mini addu'a mai tsawo, na raka shi har bakin titi.

Kwanakin da suka biyo baya na fi kowane lokaci sauraron ƙofa. Na shirya abin da zan ce in ta aiko cewa layukan ba sa haɗuwa, na shirya darasin da zai biyo bayansa. Na je asibiti neman dattijon don in gaishe da mara lafiya, aka ce an sallame su. Direban ya ce ya ba mai shayi, mai shayi kuma ya ce wani ya karɓa, bai riƙe ko wane ne ba.

Kafin kaka maƙwabcina ya ce zai tafi gida. Aiki babu, matarsa ta aiko cewa 'yarsu ba ta da lafiya. Na taya shi ɗaure kaya. Ya bar mini duron da tukunya ɗaya, ya rubuta mini lambarsa a jikin kwali ya ce in sabis ya dawo in neme shi. A tasha ya riƙe hannuna ya ce, "Tica, in yarinyar ta aiko, ka gaya mini abin da ta ce." Bayan tafiyarsa ba wanda zai zuba mini darasi a memori, kuma rumfar da na ce a aiko tambaya ta zama a rufe. Na roƙi mai sayar da lemo na kusa da wurin, in wani ya zo neman malamin lissafi ya nuna masa gidan. Na zauna ni kaɗai a gidan nan mai ɗakuna da yawa har aka gama girbi.

Da aka buɗe makarantu na koma Shinkafi. Ajin bai kai rabin yadda na bar shi ba. Na tambayi wanda ya ji darussan da na aiko, yara kaɗan suka ɗaga hannu. Ɗaya ya ce ya ji na farko, yayansa ya goge sauran. Wata ta ce sun yi na tsakuwa da ƙannenta, kaji suka watsa. Na tambayi yarinyar da ke zama kusa da taga. Wata 'yar ƙauyensu ta ce 'yan bindiga sun shiga garinsu bayan girbi, ba a kashe kowa a gidansu ba, amma mahaifinta ya kwashe su sun tafi wurin danginsa a Nijar. Na ce ko ta san saƙona ya isa gare ta. Ta ce ba ta sani ba, ita dai ta ga zane da gawayi a jikin katangar gidansu, amma ba ta tsaya ta duba ba.

Ban ƙara jin labarinta ba. Sabis ya dawo, na kira maƙwabcina, ya ce 'yarsa ta warke, ya buɗe rumfa a garinsu. Ya tambaye ni yarinyar na gaya masa iyakar abin da na sani, sannan ya tambayi mahaifiyata. A zangon da ya biyo baya aka mayar da ni wata makaranta a cikin Kaura Namoda. Na je Gusau na ɗauko iyalina, muka karɓi ɗakuna biyu a gidan hayar nan. Ƙaramin ɗana ya ɗauki lokaci kafin ya yarda in ɗauke shi, in na miƙa hannu sai ya ɓuya a bayan uwarsa yana leƙena.